Daminar guguwa a Houston: yadda ake shiri, da yadda ake tace surutun talabijin

Da zarar Agusta ta kama, mutanenmu na garin nan sukan kasu biyu. Akwai sabon zuwa, wanda zai ga jan abu yana juyawa a kan taswira, ya ji mai karanta labarai yana magana kamar gobe za a tashi duniya, kafin la'asar ya cika bayan mota da katan-katan na ruwa yana tambayar hanyar Dallas. Akwai kuma tsohon hannu, wanda aka firgita sau biyu ko uku bai ga komai ba, ya yanke cewa duk zancen dabarar masu sayar da batir ce. Ni na yi zama a kowane ɓangare, kuma kowanne ya ja mini asara. A 2017 na kwana ina manna salatif a gilashin taga, na bar motata a bakin titi, ruwan guguwar Harvey ya shanye ta har sitiyari. A 2024 na ce ai Beryl ƙaramar guguwa ce, na kwanta barcina, na tashi babu wuta, firiza cike da naman layya.

Abin da ke ƙasa na mazauna Houston da kewayenta ne, amma wanda ke Filorida ko Luwiziyana zai iya ɗauka kusan duka.

Daga ina take zuwa

Lokacin guguwar tekun Atilantika yakan fara ran 1 ga Yuni ya ƙare ran 30 ga Nuwamba, kuma ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, ƙololuwarsa wajen 10 ga Satumba. Abin da zai ba ka mamaki shi ne da yawa daga cikin manyan guguwar nan daga wajenmu suke tasowa. Hadarin da ke tahowa daga gabas a damina, ya ratsa Sudan da Cadi da Nijar da arewacin Nijeriya, shi ne yake ci gaba har ya fita teku ta gaɓar Senegal. Idan ya tarar da ruwan teku mai ɗumi, wajen digiri 26 zuwa sama, sai ya fara juyawa yana ƙara ƙarfi. Yawancinsu a hanya suke mutuwa, wani lokaci ma busasshiyar iskar Sahara mai ƙura ce ke shaƙe su. Kaɗan ne ke isowa. Wasu kuma a nan kusa, cikin tekun Meziko, suke haɗuwa, kuma waɗannan ba su cika ba mutum kwanaki da yawa na shiri ba.

Idan gudun iska ya kai mil 39 a awa, wato kilomita 63, sai a raɗa mata suna. Idan ya kai mil 74, kilomita 119, ta zama mahaukaciyar guguwa, a fara ba ta lamba daga 1 zuwa 5.

Na farko: tun kafin Yuni, san ƙasar da kake kwana a kanta

Tambaya biyu ce, kuma mutane kan cakuɗa su. Ta farko: teku na iya hawowa har gidanka? Yankin Houston da Galveston, garin da ke bakin teku, an raba shi shiyya-shiyya bisa lambar gidan waya ta unguwa, akwai shiyyar bakin teku, sannan A da B da C. Duba lambarka a taswirar hukuma. Idan ba ka cikin ko ɗaya, kamar yawancin mazauna yamma da arewacin gari, to umarnin tashi saboda teku ba da kai ake ba.

Ta biyu: ruwan sama na taruwa a unguwarku? Houston shimfiɗaɗɗen gari ne kamar faranti, ƙasarsa yumɓu, kuma ruwa ta magudanan nan da ake kira bayu yake fita a hankali. Taswirar ambaliya ta gwamnati tana taimakawa, amma gidaje masu yawa da Harvey ta cika suna wajen layin da taswira ta zana. Saboda haka ka haɗa da tambayar maƙwabci. Nemi dattijon da ya fi kowa daɗewa a layin, ka gaishe shi, ka ce masa, "A 2017 ina ruwa ya tsaya?" Zai nuna maka da hannu, a jikin akwatin wasiƙa ko a bangon gareji.

Daga nan sai inshora. Inshorar gida da aka saba yi ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Ta ambaliya daban ake saye, kuma ta gwamnatin tarayya sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki, don haka ranar da aka raɗa wa guguwa suna ka riga ka makara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan haya ma yana iya yi wa kayansa, domin inshorar mai gida gininsa kawai ta sani. Mota kuwa, idan mafi ƙarancin da doka ta tilasta ka yanka, ba za a ba ka ko sisi ba idan ruwa ya ci ta. Wannan a kaina na koye shi.

Na biyu: kayan ajiya, a saye su ana zaune lafiya

Ruwan sha galan ɗaya ga kowane mutum a rana. Hukuma na cewa aƙalla na kwana uku, ni kuwa tun bayan Beryl na mako guda nake ajiyewa. Ba dole sai na kwalba ba, jarkoki masu tsabta da za ka cika daga famfo sun wadatar. Ka ƙara lissafin alwala da buta, wanda babu takardar hukumar da za ta tuna maka.

Abinci kuwa mu Allah Ya hutar da mu, don mun san abin da ba ya neman firij: garin kwaki da sukari da madarar gari, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, sardin, dambun nama, soyayyen nama. Sai tocila da batir, fawa bank biyu a cike, ƙaramar rediyo mai batir, maganin mai hawan jini ko ciwon sukari na aƙalla mako biyu, madara da kunzugun jariri, da tsabar kuɗi ƙananan takardu, domin idan wuta ta ɗauke kati ba ya aiki a shaguna da yawa. Fasfo, katin zama, takardun haihuwar yara da na inshora, a sa su a leda mai zif, a ɗauki hotonsu a waya. Baƙo a ƙasar mutane ya fi kowa sanin wahalar sake neman takarda.

Na uku: wa za ka saurara

A nan yawancin mutane ke ɓata, don haka zan ɗan daɗe.

Gidan talabijin da idon masu kallo yake cin abinci, kuma babu abin da ke riƙe mutum a gaban akwati kamar tsoro. Shi ya sa za ka ga kiɗa mai tayar da hankali, da jan rubutu yana gudu a ƙasa, da ɗan rahoto a bakin teku iska na kaɗa rigarsa. A 2018, lokacin guguwar Florence, an ga wani ɗan rahoton Weather Channel a garin Wilmington yana tangaɗi kamar iska za ta ɗauke shi, sai ga wasu mutum biyu sun wuce ta bayansa suna tafiyarsu hankali kwance. Tashar ta kare shi da cewa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa yake tsaye, su kuma a kan siminti. Ko ma dai yaya ne, duniya ta yi dariya, kuma masu cewa duk ƙarya ce suka samu abin kafa hujja. Sai dai ita Florence ɗin ta kashe mutane da dama a jihohin Karolina, akasari ta hanyar ruwa. Ɗan rahoto ya ƙara gishiri, guguwar kuma ta yi ɓarna, duk biyun sun faru a mako ɗaya.

Maganin abin shi ne ka je inda su ma 'yan jaridar ke ɗebo labarin. Cibiyar lura da guguwa ta ƙasa, NHC, tana Miami, kuma shafinta kyauta ne, babu talla. Tana fitar da cikakkiyar sanarwa sau huɗu a rana, a agogon Houston na bazara ƙarfe 4 da ƙarfe 10, safe da dare. Idan abu ya matso tana ƙara gajerun sanarwa a tsakani. Ma'ana, tashar da ke ta maimaita "sabon labari" tun safe har dare, yawanci abu ɗaya take juyawa. Ka duba bayan sallar asuba, ka duba da hantsi, ka duba bayan la'asar, ka duba kafin ka kwanta. Sauran lokacin ka kashe akwatin ka yi aikin gabanka.

A shafin akwai hoto mai kama da mazurari, siriri a inda guguwar take, yana buɗewa zuwa kwana biyar gaba. Mutane na ɗauka faɗin guguwar ke nan, ko kuwa duk wanda ke waje ya tsira. Ba haka ba ne. Hanyar da tsakiyar guguwar za ta iya bi kawai yake nunawa, an auna faɗinsa da kurakuran hasashen shekara biyar da suka wuce, kuma sau ɗaya cikin uku tsakiyar takan fita daga cikinsa. Iska da ruwa kuma suna kaiwa nesa da tsakiya ƙwarai. A 2022 hankalin kowa na kan Tampa ta jihar Filorida saboda layin tsakiya can ya nufa, sai guguwar Ian ta sauka kudu, kusa da Fort Myers, wurin da ke gefen mazurarin, inda mutane da yawa suka ɗauka ba da su ake ba. Ka kuma lura da gefen da kake. A gaɓarmu, wanda ke gabas da inda tsakiya ta sauka shi ke shan mafi munin iska da ruwa. Guguwar da ta sauka Matagorda, kudu maso yamma da mu, ta fi wadda ta sauka iyakar Luwiziyana haɗari ga Houston.

Kalma biyu za su shigo wayarka da Turanci, ka riƙe su. Watch na nufin abin na iya faruwa, ana fitar da ita awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso. Warning na nufin ana sa ran faruwarsa, awa 36 kafin nan. Ta farko ta ce ka kammala shiri, ta biyu ta ce lokaci ya kusa ƙurewa.

Sai kuma abin da ke yawo a WhatsApp da Facebook. Za a turo maka taswira mai jajayen launuka a ce ga dodo nan zai faɗo wa Houston nan da kwana goma sha biyu. Wannan gwaji ɗaya ne daga cikin ɗimbin da kwamfuta ke yi kullum, bayan awa shida za ta fitar da wani daban. Ita NHC kanta ba ta wuce kwana bakwai wajen faɗin yiwuwar haɗuwar guguwa. Duk wanda ya ba ka sunan gari da rana fiye da haka, neman mabiya yake. Hoton babban kifin nan mai cin mutane yana iyo a kan babbar hanya kuwa, tun 2011 ake yawo da shi, kowace guguwa a canja masa gari. Ni har daga gida an turo mini shi lokacin Harvey, da saƙon Hajiyarmu a ƙasa: "Kai, wai haka garin naku ya koma? Ka tattaro yaran nan ku taho." Tun daga lokacin na koyi kiran gida da wuri, in faɗa musu da bakina abin da ake ciki, in kuma gaya musu cewa idan sun ji shiru kwana biyu, wuta ce ko layin waya.

Na huɗu: kada lamba ta ruɗe ka

Lambar nan ta 1 zuwa 5 iska kaɗai take aunawa. Ba ta faɗin yawan ruwan sama, ba ta faɗin tsayin da teku zai hau. Alhali binciken da aka yi a NHC kan mace-macen shekarun 1963 zuwa 2012 ya nuna kusan tara cikin goma na waɗanda guguwa ta kashe kai tsaye a Amurka ruwa ne ya ci su, kusan rabi kuma hawowar teku ce.

Tarihin garin nan kaɗai ya isa shaida. Allison ta 2001 ko matsayin mahaukaciyar guguwa ba ta kai ba, amma ta cika unguwar manyan asibitocin Houston da ruwa. Ike ta 2008 lamba 2 ce, ta share gidaje a yankin Bolivar da ke bakin teku. Harvey ta sauka Rockport da lamba 4 ran 25 ga Agusta 2017, tafiyar kusan awa uku daga nan, kuma lokacin da take zuba mana ruwa ƙarfin iskarta ya riga ya faɗi. Tsayawa ta yi wuri ɗaya kwana da kwanaki, har wani wuri kusa da Nederland ya samu sama da inci 60, fiye da ruwan damina guda cur a Kano. Beryl lamba 1 ce ran 8 ga Yuli 2024, ta bar gidaje da shaguna sama da miliyan biyu babu wuta a tsakiyar zafi.

Haka kuma lambar na iya tsalle cikin dare. Otis a Oktoban 2023 ta tashi daga ƙaramar guguwa zuwa lamba 5 cikin kusan yini ɗaya kafin ta afka wa Acapulco ta ƙasar Meziko. Don haka tambayoyin da za ka nema wa amsa a sanarwa su ne: inci nawa na ruwa, ƙafa nawa teku zai hau, da wane gudu take tafiya, ƙarfe nawa iska za ta fara. Mai tafiyar hawainiya ita ce abin tsoro a Houston.

Na biyar: tafiya ko zama

Ka yanke wannan tun yanzu, kai da iyalinka, don kada tsoro ya yanke maka. Idan kana shiyyar da aka ba umarnin tashi, ko kana zaune a gidan tirela, ko akwai mai amfani da na'urar numfashi ko wankin ƙoda a gidan, ka tafi, kuma da wuri. A Teksas magajin gari ko shugaban gunduma ne ke ba da umarnin, shi wannan na biyun alƙali ake ce masa ko da yake mulki ne aikinsa. Ba sai ka je Dallas ba. Gidan ɗan'uwa a unguwa mai tudu, mil talatin ko arba'in daga teku, yakan wadatar.

Idan ba ka cikin waɗannan, gidanka mai ƙwari ne kuma ba ya ambaliya, zamanka ya fi. A Satumban 2005, ƙasa da wata ɗaya bayan guguwar Katrina, wata mai suna Rita ta nufo, mutane sama da miliyan biyu suka hau hanya lokaci guda, da yawansu daga unguwannin da babu abin da zai same su. Motoci suka tsaya cik kusan kwana guda, mai ya ƙare, zafi ya yi tsanani. Mutane kusan ɗari suka mutu a wajen gudun, ciki har da tsofaffi 23 da motarsu ta kama wuta kusa da Dallas. Rita kuma ta karkata gabas, Houston ba ta samu wata babbar ɓarna ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Duk motar da ta hau hanya ba dalili, ta tare wa mutumin Galveston ne wanda shi dole ya fita.

Na shida: kwana biyun ƙarshe

Cika tankin mota tun ranar da aka ce watch, kafin layi ya yi tsawo. Kai motar wuri mai tudu, ko hawa na sama a garejin ajiye motoci. Shigo da duk abin da iska za ta iya ɗauka: kujerun waje, kwandon shara, tukwanen fure, keken yara. Salatif a gilashi aikin banza ne, ba ya hana fashewa. Ko dai katako mai kauri da aka ɗaure da kusoshi, ko ka bar tagar ka nisance ta. Cika bahon wanka da ruwa don ban-ɗaki, amma a rufe ƙofar idan akwai ƙananan yara. Sa robobin ruwa a firiza su daskare, ka yi cajin komai, ka zagaya gida da waya kana ɗaukar bidiyon kayanka ɗaki-ɗaki saboda inshora.

Nama kuma, uwargida, a soya shi tun da wuta. Firij a rufe awa huɗu yake riƙe sanyi, firiza cikakkiya kwana biyu, mai rabi kwana ɗaya. Mu kwana shida muka yi babu wuta bayan Beryl. A rana ta uku na buɗe firiza, warin da ya bugo ni har yau ina jin sa, rago guda da muka yi ta lallaɓawa tun Babbar Sallah muka zuba a baƙar leda muka fitar.

Na bakwai: tana kanku

Ku koma ɗakin da ba shi da taga a hawa na ƙasa, da takalma a ƙafa. Idan iska ta ɗauke ɗif farat ɗaya, wataƙila tsakiyar ce ke wucewa, za ta dawo ta ɗaya gefen. Idan ruwa ya fara shigowa, kashe wutar gidan daga babban makunni matuƙar ba a cikin ruwa za ka tsaya ba, ku hau sama. Kada ku shige cikin rufin gida inda babu mafita, a lokacin Harvey hukuma cewa ta yi a hau kan rufin ta waje a kira 911.

Kada ka shiga ruwa da mota, ko da ka san hanyar kamar tafin hannunka. Ruwa mai gudu inci shida yana kayar da babba, ƙafa ɗaya tana ɗaga ƙaramar mota, ƙafa biyu ta tafi da babbar jif. Ƙarƙashin gadojin Houston kuwa rami ne, da dare ba ka gane zurfinsa sai ka shiga.

Bayan ta wuce

Kwanakin da ke biyo baya suna kashe mutane ba kaɗan ba, a lokacin kuma masu kyamara sun fara naɗe kayansu. Mu da muka taso da janareta muna ganin mun san shi, to a nan gidaje a toshe suke ruf, iskar guba da ke cikin hayaƙinsa kuma ba ta wari balle ka farga. A ajiye shi a fili, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa da taga, ban da gareji ko da a buɗe yake, ban da baranda. Bayan Laura a 2020, a Luwiziyana, an rasa mutane da dama ta wannan hanya, har da 'yan gida ɗaya. Na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iskar ba ta da tsada, a saya mai batir. Gawayi da risho ma a waje.

Duk wayar wuta da ta faɗo ka ɗauka tana da rai. Ruwan da ya kwanta a titi akwai na masai a ciki, akwai macizai, akwai jajayen tururuwan nan masu cizo da ke dunƙulewa suna yawo a samansa, kada yara su yi wasa a ciki. Idan an ce a tafasa ruwan famfo, a tafasa. Zafi kuma, tsoho da jariri ba sa jure kwana uku a gidan da babu sanyaya ɗaki a watan Yuli, a kai su wuraren shan sanyi da gari ke buɗewa, ko masallaci ko gidan wanda wutarsa ta dawo. Kiran 211 zai gaya maka wanda ke kusa.

Idan ruwa ya shiga gida, ɗauki hoton komai da alamar inda ya tsaya a bango kafin ka taɓa, sannan ka kira kamfanin inshora, ka yi rajista da FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, idan an ayyana yankinku cikin waɗanda za a agaza wa. Kafet da jiƙaƙƙen allon bango a cire su cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kafin su yi funfuna. Masu gyaran rufi za su zo suna ƙwanƙwasa ƙofa da motoci masu lambar wata jiha. Kada ka ba kowa kuɗin aiki duka a gaba, ka nemi yarjejeniya a rubuce, ka kuma tambayi mutanen masallacinku wa ya taɓa yi musu aiki suka ji daɗi.